Mararrabar Hanya A Gaban Yaro

Tun shekarar 1982, da aka raba karatun sakandare a Nijeriya gida biyu, shekara uku-uku, yaro ya kan iso wata mararraba yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka. In ya gama ƙaramar sakandare sai a ce ya zaɓa. Hanya ɗaya ta littafi ce, watau kimiyya, ko adabi, ko ilmin ciniki. Ƙarshenta jarrabawar WAEC ko NECO, sa'an nan ta JAMB, mai buɗe ƙofar jami'a. Ɗayar ta kwalejin koyon sana'a ce, inda a ke koyon gini, da kafinta, da walda, da aikin lantarki, da gyaran mota, shekara 3, kana a zauna jarrabawar NABTEB.

Galibin iyaye ta farkon su ke so. Uban da bai sami karatu ba sai da girma, a ajin yaƙi da jahilci, ba abin da ya ke buri kamar a kira ɗansa likita. Wannan buri ba laifi ba ne. Amma a ɗauki misalin yaron da lissafi ke ba shi wuya, ga shi kuwa in injin ban ruwa ya tsaya a fadama shi a ke nema. In aka tura shi ajin kimiyya dole, ya kan fito bai ci darussa biyar da jami'a ke bukata ba, waɗanda Turanci da lissafi na cikinsu. Uban ya sayar da hatsi da awaki, shekara uku ta wuce, yaro ba takarda, ba sana'a.

Haka kuma yarinya ko yaron da Allah ya ba kaifin ƙwaƙwalwa, zalunci ne a janye shi daga littafi don kwaɗayin kuɗin yau. Asibiti na bukatar likita, makaranta na bukatar malami.

Masu raina aikin hannu sun manta da asali. Marinar Ƙofar Mata a Kano, da maƙera, da dukawa, da masaƙa, su suka sa fatake suka san ƙasar Hausa. Kuma hanyar sana'a ba ta toshe gaba, gama mai takardar NABTEB da ya ci darussan da a ke so yana iya shiga babbar makarantar fasaha, irin ta Kaduna, ya zama injiniya.

Saboda haka uba mai hankali ba ya yanke shawara a zaure shi kaɗai. Ya kan tafi makaranta ya ga malamin ajin, ya duba sakamakon shekara ukun da suka wuce, ya ji ta bakin uwar yaron, wadda ta san abin da hannunsa ke yi in ba mai kallonsa. Daga nan ya zaunar da yaron ya tambaye shi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma a kan duba inda ya karkata tukuna, don kada ya karye.