Bandung: Garin da Aka Yi Taro Babu Bature a Kujerar Shugaba

A tashar Halim da ke gabashin Jakarta na hau jirgin ƙasan da suke kira Whoosh. Kafin a buɗe layin a watan Oktoban 2023, mai zuwa Bandung a tsohon jirgi sai ya ware wa hanya awa uku. In kuwa a mota ne ranar Asabar, to sai yadda hali ya yi, don cunkoson Jakarta ba ya jin magana. Mu kam ba mu gama gyara zama ba allon da ke saman ƙofa ya nuna gudunmu ya haura kilomita 340 a awa. Gonakin shinkafa na wucewa, mu faɗa rami cikin dutse, mu fito, mu sake faɗawa. Da haɗin gwiwar kamfanonin ƙasar Sin aka shimfiɗa layin nan mai kilomita 142, kuma mafi yawan kuɗinsa, da ya haura dala biliyan 7, bashi ne daga bankin Sin. Cikin rabin awa muka sauka a Padalarang, wani ƙaramin jirgi ya ƙarasa da mu cikin gari.

Bandung na kan tudu, duwatsu sun kewaye shi, shi ya sa Turawan Holan suka riƙa gudo wa zafin Jakarta su zo nan shan iska. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya miƙo mini hular kwano, ya tsaya sai da na ɗaure igiyarta kafin ya tayar da babur. Ya ajiye ni a titin Asia Afrika. Titin nan yanki ne na gwadaben da Gwamna Daendels ya sa aka fara a 1808, wanda ya ratsa tsibirin Java tsawon kilomita kusan 1,000. Da aikin tilas aka yi shi, dubban talakawa kuma a bakinsa suka mutu.

Ginin da na zo gani fari ne, ba wani dogo ba. Sunansa Gedung Merdeka, amma a da kulob ne na Turawa mai suna Concordia, inda masu gonakin shayi ke rawa da shan giya, ɗan ƙasa kuwa ba ya shiga sai in tire ya ɗauko. A nan wakilan ƙasashe 29 na Asiya da Afirka suka zauna daga 18 zuwa 24 ga Afrilun 1955. Ƙasashe biyar ne suka kira taron: Indunusiya, Indiya, Pakistan, Bama da Silon, wadda yanzu ake ce wa Sri Lanka. Waɗanda suka hallara suna wakiltar fiye da rabin mutanen duniya na lokacin, kuma ba Ingila, ba Faransa, ba Amurka, ba Tarayyar Sobiyat a teburin.

Ba a biyan ko sisi a ƙofar gidan tarihin taron da ke cikin ginin. Da shigarka za ka tarar da mutum-mutumin Shugaba Sukarno na Indunusiya tsaye gaban makirfo da baƙar hularsa, Firaministan Indiya Nehru da sauran masu masaukin baƙi suna zaune a bayansa. Ga tsofaffin tafireta da 'yan jarida suka buga labari da su, ga kyamarori, ga kujerun saƙa da manyan baƙi suka huta a kai. 'Yan makaranta sun cika wurin, 'yan mata da fararen hijabai, malamarsu na ta fama su yi layi. Wata ma'aikaciyar gidan ta tambaye ni daga ina, na ce Najeriya. Ta yi murmushi ta kai ni gaban taswira, muka duba tare. Ba mu a ciki. A 1955 muna hannun Ingila, saura shekara biyar a sauke tutarta.

Kason Afirka gaba ɗaya shida ne: Masar, Habasha, Laberiya, Libiya, Sudan da Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Biyun ƙarshe ma ba su karɓi 'yanci ba tukuna. Isma'il al-Azhari ne ya jagoranci Sudan, Kojo Botsio kuma ya wakilci Gwalkwas, don Firaminista Nkrumah bai je ba. 'Yan gwagwarmayar Aljeriya da Moses Kotane na Afirka ta Kudu sun je a matsayin 'yan kallo, suna bin masauki-masauki suna kai kuka. Gaskiyar magana, taron Asiya ne aka ba Afirka tabarma a gefe. Wanda ya fi cin ribarsa daga nahiyarmu shi ne Gamal Abdel Nasser na Masar, ɗan shekara 37 a lokacin. Ya koma gida da ƙwarin gwiwa, cikin watanni ya ƙulla cinikin makamai da ƙasashen gurguzu, a Yulin 1956 kuma ya ƙwace mashigin Suez.

Na daɗe a zaune cikin babban zauren, kan jar kujera, ina kallon tutoci. Hotunan bango duk murmushi ne da musabaha, amma zaman bai tafi haka ba. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka, kowa ya zo da ubangidansa a zuci. Turkiyya na cikin NATO, Iraƙi ta sa hannu a yarjejeniyar Bagadaza watanni biyu kafin taron, Pakistan da Filifin da Tailan kuma sun shiga ƙawancen soja da Amurka. Firaministan Silon, Sir John Kotelawala, ya tashi ya ce in za a la'anci mulkin mallaka, to a haɗa da abin da Sobiyat ke yi wa Gabashin Turai. Nan wuri ya yamutse. Nehru, wanda ya zo yana ganin kansa uban taro, ya fusata, ya yi ta caccakar masu fakewa a inuwar manyan ƙasashe, su kuma suka ji ya raina su.

Wanda ya kashe wutar shi ne mutumin da aka fi jin tsoro, Firaministan Sin Zhou Enlai. Da ƙyar ma ya iso da rai. Ranar 11 ga Afrilu bom ya tashi a jirgin saman Indiya mai suna Kashmir Princess da aka yi haya don tawagarsa, mutum 16 suka mutu. Shi kuwa ya riga ya sauya hanya ta Rangoon. Da aka yi ta jifansa da magana a kan gurguzu, bai rama ba. Ya ce ba rigima ta kawo shi ba, a riƙe abin da aka yi tarayya a kai, a jingine saɓani. A lokacin gwamnatinsa ko kujera ba ta da ita a Majalisar Ɗinkin Duniya, sai a 1971 ta samu, da ƙuri'un ƙasashen Afirka da dama. A ƙarshe aka yi dabarar 'yan siyasa: aka la'anci mulkin mallaka ta kowace fuska ya zo, ba a kama sunan Sobiyat ba, kowa ya fassara yadda ya ga dama. Aka kuma fitar da ƙa'idoji goma, irin su mutunta iyakar kowace ƙasa da barin tsoma baki a harkar gidan wani.

Daga nan aka samo irin da ya tsiro ya zama Ƙungiyar 'Yan Ba-ruwanmu a Belgrade a 1961. Sai dai zumuncin bai yi ƙarko ba. A 1962 Indiya da Sin suka gwabza yaƙi a kan iyaka. Taro na biyu da aka shirya yi a Aljiyas a 1965 ya watse, don saura kwanaki a buɗe shi Boumediene ya kifar da Shugaban Aljeriya Ben Bella. Duk da haka ban yarda da masu cewa surutu kawai aka yi a Bandung ba. Mutanen da a da sai sun bi ta Landan ko Faris kafin su ji labarin juna sun zauna ido da ido, har faɗan ma nasu ne, ba wanda ya raba su sai su.

Na yi La'asar a babban masallacin da ke dandalin gari, inda aka shimfiɗa ciyawar roba, yara na ta birgima babu takalmi. A bakin titi samari sun yi shigar fatalwa, wasu naɗe cikin likkafani da hoda a fuska, ana biyansu a ɗauki hoto da su. Ban tsaya ba. Na sayi batagor, soyayyen kifi da awara da aka kwarara wa miyar gyaɗa, na ci a tsaye, sannan na tambayi hanyar Banceuy.

Tafiya ce ta 'yan mintuna a ƙafa. Nan kurkukun da Turawan Holan suka kulle Sukarno yake, bayan sun kama shi a Disambar 1929. An rushe gidan yarin an yi shaguna, aka bar ɗaki mai lamba 5, ƙunci ne da mutum ba zai miƙe hannuwansa biyu sosai a ciki ba. A nan ya rubuta jawabin kare kansa da ya karanta a kotu a 1930. Shekara 25 bayan haka ya buɗe taron duniya a bayan layin. Ya rasu a 1970 cikin ɗaurin talala, kuma Janar Suharto, wanda ya tuɓe shi, shi ne ya buɗe gidan tarihin taron a 1980.