Turaren Amarya A Tudun Wadar Zariya

'Yan uwana mata, a watan Disambar 2023 na yi wata tafiya daga Kano zuwa Tudun Wadar Zariya wadda har gobe tana raina. Bikin 'yar gwaggona aka sa, ni kuma don neman suna na ɗauki alkawarin turaren da za a raba wa ƙawayen amarya, kwalba 50 cif. Kuɗin adashena kaf na zuba, na sayo madarar turare da sinadarin itanol, na haɗa abina.

Saura kwana 6 biki mota ta sauke ni a Kwangila, hazo ya rufe gari, sanyi har cikin ƙashi. Na tari Keke Napep, muka ratsa Sabon Gari, muka haye gadar Kubanni, sai ga mu a Tudun Wada. Unguwar tana tsakanin Sabon Gari da tsohon birnin Zazzau, in kika miƙe sai Ƙofar Doka. A wannan yanki aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, wanda ya riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Tun zamanin Turawa nan ne masaukin 'yan Arewa da aiki ko karatu ya kawo Zariya, shi ya sa za ki tarar da Bahaushe da Banufe da Babarbare ƙofa da ƙofa. Ashe wannan maƙwabtaka ce za ta fitar da ni kunya.

Bayan an gaisa na buɗe kwali ina taƙama. Ras! Gabana ya faɗi. Turaren nan ya yi fari-fari kamar ruwan gasara, ga wata laka kwance a gindin kowace kwalba. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, turare ne ko koko kika kawo mana?" Wallahi sai hawaye.

Da la'asar ta ja ni gidan wata dattijuwa 'yar Barno a bayan kasuwar Tudun Wada, wadda sana'arta ke nan humra da turaren wuta. Tun daga zaure ƙamshi ya tare mu. Hajiya ta ɗaga kwalbar a haske, ta ce, "'Yata, faɗa mini gaskiya, kin sa ruwa?"

Na sunkuyar da kai. Na ƙara ruwan wardi don ya yi auki, kwalaben ma ban bari sun bushe ba, sannan na barbaɗa garin sandal wai don ƙamshi ya kama jiki.

Ta ce, "To ciwo biyu ne, maganinsu daban. Madarar turare mai ce, tana narkewa a itanol amma ba ta shiri da ruwa. Da ruwa ya yi yawa sai man ya fito ƙanana-ƙanana, shi ne farin nan, ga sanyi ya ƙara masa. Wannan ko kin kwana kina tacewa ba zai washe ba." Ta ɗan tsiyaya a kofin gilashi, ta riƙa ɗiga itanol tana kaɗawa. A kan idona ya washe garau!

"Lakar kuwa garinki ne. A humra ba laifi ba ne, da garinta ake sonta, girgizawa ake yi. Amma turaren fesawa, gari toshe bakin kwalba yake."

Washegari muka sayo itanol mai ƙarfin kashi 96 cikin 100 a Sabon Gari. Muka juye duka a babbar kwalba, muna ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya washe, muka toshe, ya kwana 2 a duhun ɗaki. Daga nan ya kwana a firij, don sanyi ya kwantar da duk abin da zai kwanta. Da sanyinsa muka tace da takardar tace kofi sau 2, muka ɗura a busassun kwalabe. Ƙamshin ya ɗan sassauta, amma ranar kamu babu wadda ta gane.

Ƙanwata, in za ki haɗa, ga abin da na taho da shi. Madara kashi 1, itanol kashi 4. Kwalba ta bushe ƙarƙaf. Ki gwada a cokali kafin ki haɗa da yawa, ki bar shi ya huta ko da sati 2. Kada ki taɓa sa sifirit mai metanol, guba ne. Kuma ki yi nesa da murhu da kaskon turare, don itanol da wuta ba sa ga maciji.

Ranar da zan koma na je sallama, Hajiya ta danƙa mini 'yar kwalbar humra ta ce, "Wannan ki girgiza, wancan ki bar shi ya huta." Allah ya saka mata da alheri, amin.