Kwamfutar da ta cinye ɗaki guda

Yaran da ke tace fim a laftof yau sun ɗauka kwamfuta abar sakawa a jaka ce. Mu wadda muka fara sani ɗaki guda ta cinye, ga sanyi kamar tsakiyar hunturu, kuma ɗalibi bai isa ya taɓa ta ba.

A 1985 ne, ina ajin ƙarshe a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Lokacin Zurmi tana Jihar Sakkwato, Zamfara sai 1996. Bincikena a kan manoman garinmu ne, yadda farin 1984 ya yi da rumbunansu. Gida-gida na bi su. Wani dattijo har ya ce, "Ɗana, in ka kai amsar nan Zariya, ruwa zai sauka?" Na cika buhu da takardu, na hau jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda, ta Gusau da Funtuwa.

Malamina ya ce ba digiri sai lissafin ya bi ta SPSS, wata manhaja da aka ƙirƙiro a Amurka a 1968. To, a nan ake yin ta! Babu allo, balle linzami. Kati ne mai gurabe 80, ana huda shi da wata na'ura mai kama da tafireta. Kowane manomi katinsa guda: shekarunsa a gurbi kaza, damman geronsa a gurbi kaza, awakinsa a gurbi kaza. Mutum da iyalinsa da yunwarsa, duk sun koma 'yan ramuka. Sai ka ɗora katunan umurni a sama, ka ɗaure da roba, ka miƙa ta taga, ka dawo gobe. Waƙafi ɗaya ya kauce, injin ya tofo maka takarda ba lissafi, kwana guda ya tafi. Tsofaffin hannu kan ja layin biro a karkace a gefen tarin, don in ya zube a gane jerinsa. Wallahi har yau ban ga dabarar da ta burge ni kamar wannan ba.

Sakamakon ya fito a doguwar takarda mai huji gefe da gefe, na kai wa Baba da hutu. Na ce injin ya nuna gidan da ke da awaki da tumaki ya fi jure fari, don ana sayarwa a sayi hatsi.

Ya juya takardar, ya dube ni. "Wata nawa ka yi a kan wannan?"

Na ce huɗu.

"Da ni ka tambaya ai."