Galmi da majami'un da suka ƙone

Kiristocin jihar Tawa 'yan ƙalilan ne a tsakiyar al'ummar Musulmi. Amma duk wanda ya bi hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa ya san Galmi, garin albasa, ya kuma san asibitin da mishan ɗin SIM ya buɗe a can a 1950. Yawancin masu kwanciya a gadajensa Musulmi ne, daga Adar da Gobir, har da tsallaken iyakar Najeriya.

A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, fushin zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ya kai ga ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji a jihar Tawa, ya fito ya yi tir da ɓarnar.

A Yamai masu ibada sun koma sujada tsakanin bangayen da hayaƙi ya baƙanta, wasu a ƙarƙashin rumfa. Wannan kaɗai ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. A Galmi kuwa, ma'aikatan jinya Kiristoci, waɗanda 'yan'uwansu suka rasa wuraren ibada, sun ci gaba da karɓar haihuwa da yin tiyata ga duk wanda aka kawo musu.