Daga Shanga Zuwa Bakin Teku: Kowane Jirgi Da Iyakar Kayansa

Uwargida, duk wadda ta bi gaɓar kogin Kwara daga Shanga ta gangara Yelwar Yawuri har Warra ta ƙasar Ngaski, za ta ga cewa a nan ruwa shi ne titi. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan ya ƙara faɗi, tsallakawa ta ƙara nisa. Ranar kasuwa tun da sassafe jiragen inji ke cika da buhunan albasa, shanshera, kwandunan busasshen kifi, awaki da babura, ga mata da goyo zaune a kan kayan.

Wannan sana'a ƙanwa ce ga ta manyan jiragen teku. Yawancin kwanukan tangaran da yadin da muke saye daga Sin ta ruwa suke zuwa, cikin kwantena mai tsawon ƙafa 20 ko 40, a sauke su a Apapa ko Kwatano, sannan tirela ta kawo su Arewa. A can ba a lodi da ka. Kowane kaya yana da takardar da ke nuna mai aikowa, mai karɓa da abin da ke ciki. Tun daga 2016 kuma ba a ɗora kwantena sai an tabbatar da nauyinta.

Babban abin lura shi ne layin da ake zanawa a jikin jirgi, wanda Ingila ta wajabta tun 1876. Jirgi yana ƙara nutsewa gwargwadon nauyinsa; da zarar ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare, ko nawa za a biya.

Wannan iyaka ce sau da yawa ake ƙetarewa a kogi. A watan Mayun 2021 wani jirgi da aka cika maƙil ya nutse kusa da Warra, mutane da dama suka rasu, cikinsu har da mata da yara.

Don haka 'yar uwa, kafin ki sa ƙafa, dubi gefen jirgin. In ruwa ya kusa bakinsa, haƙura ki jira na baya. Ki nemi rigar ceto ke da yaranki, ki guji tafiyar dare. Asarar kasuwar yini ɗaya ana mayar da ita mako mai zuwa. Allah Ya kiyaye hanya.