Taswirar da Ba Ta da Rijiya

Ran nan a Sandamu 'ya'yanmu suka kawo mana ƙara, wai kwamfuta ta ƙi zana musu taswira. Wani wasan zamani suke shiryawa, inda ake zama a kewaye taswira, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, ɗaya yana jan labari. Labarin Bayajidda suka zaɓa. To, duk sanda suka danna sai manhajar ta zubo musu teku da duwatsun ƙanƙara da fadojin Turawa. Rijiya babu, ganuwar ƙasa babu.

Muka kashe muka kunna, muka goge ta muka sake sakawa, duk a banza. Can muka gane lafiyarta lau, abin da aka ɗura mata take amayarwa. Wanda ya ƙera ta bai san Kusugu ba. Abin kunyar shi ne, da muka tambayi yaran ina Gaya take, su ma shiru.

Sai muka fita ƙofar gida da tsinke, kamar yadda muke yi muna yara. Muka zana Daura da rijiyar da macijiya ke hana ɗiba sai ranar Juma'a. Ga Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ga Garun Gabas inda ya bar matarsa.

Autarmu ta ce, "Baba, mu fa muna ina?" Muka aje tsakuwa kudu da Daura. Suka ɗauki hoton zanen da waya suka ɗora a kwamfutar, ta kuwa karɓa.