Shekarar da Muka Yi a 'Yan Dagaji

A ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Bichi da Dambatta, babu fili ko taku goma da ba shi da mai shi. Gona tana jingine da gona, gida yana kallon gida, kuma kowace bishiyar ɗorawa an san wanda zai kaɗe ta. Wuri ɗaya ne kawai na kowa da kowa, wato gindin darbejiyar da ke bakin masallaci, inda mai shayi yake kafa teburinsa bayan sallar isha'i. A nan ne na iske an kafa zaman makoki a watan Yuli na 2022, daren da na dawo gida da jaka ɗaya da ƙarya ɗaya. Ƙaryar ita ce na zo taya Baffa aikin damina. Makokin kuwa na Kano Pillars ne, wadda ta faɗa rukuni na biyu, wanda masu sharhin wasanni a rediyo suke kira gasar 'yan dagaji.

Na gode wa Pillars a wannan dare, ko da yake ban faɗa wa kowa ba. Da ba ta faɗi ba, da ni za a sa a gaba da tambaya. Shekara tara na yi a birni ina sayar da yadi, na fara da ɗaukar kaya a ka har na kai ga rabin rumfa, sannan na amince wa wanda bai cancanci amana ba, jarin ya nutse, bashi ya taso. Amma wa zai kula da jakar wani saurayi alhali Sai Masu Gida sun rasa gida?

Wanda bai tashi a ƙasar Kano ba zai yi wuya ya fahimci nauyin wannan faɗuwa. Ƙungiyar da aka kafa a 1990, ta ci kofin gasar Najeriya a 2008, sannan ta jera shi sau uku a 2012 da 2013 da 2014. Ƙungiyar da ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, bayan kunnen doki a Najeriya da wani a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wajen shekara goma sha biyu ta yi ba wanda ya doke ta a gida a gasar, sai da Nasarawa United ta zo a 2015 ta karya wannan ƙwarin. Baffa ya haddace waɗannan shekaru kamar yadda ya haddace shekarun fari da na yabanya. Shi tun zamanin Raccah Rovers yake bin tamaula, kuma yakan ce yana saurayi lokacin da ta ci kofi a 1978. Sau biyu kacal ya taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Duk sauran wasannin da yake ba da labarinsu, har da yadda iska ta kaɗa da yadda mai tsaron raga ya yi tsalle, ta wata tsohuwar rediyo mai ɗaure da roba ya gan su.

Majalisar ta rabu gida-gida a kan musabbabin abin. Malamin firamare, wanda ba ya magana sai da alƙalami a hannu, ya ce lissafi ne kawai: an rage wa ƙungiyar maki bayan tarzomar da 'yan kallo suka yi a wasan Katsina United a watan Afrilu, an kuma kore ta daga Kano zuwa Abuja, ga shi dama ta daɗe tana karɓar baƙi a Kaduna. Mai gida da ke kwana a ɗakin haya, in ji shi, ba mai gida ba ne. Ɗan acaɓan garinmu ya ce alƙalan wasa ne, domin a wurinsa duk wata musiba ta duniya tana da usur a baki. Mai shayi kuwa, wanda asalinsa Bakatsine ne, bai sami bakin yi mana dariya ba, saboda tasa ƙungiyar ma tare muka gangara da ita, da Heartland ta Owerri da MFM ta Legas. Ya ce ai ko a lahira maƙwabci daɗi gare shi. Aka yi dariya, ta farko a daren.

Akwai kuma samarin gidan kallo, masu rigunan Chelsea da Real Madrid, waɗanda suke tsayawa daga gefe suna murmushi. Ba na ganin laifinsu sosai. Sun tashi sun ga ƙwallon Turai a allo, ciyawa kore shar, fitila kamar rana, a kan kuɗin da bai kai na kwanon shayi da burodi ba. Me za a ce musu game da wasan da ba a nunawa, wanda sai dai a ji sakamakonsa daga bakin wanda ya ji daga bakin wani? Ɗayansu ya tambayi Baffa, cikin ladabin da ya fi rashin kunya ciwo, ko yanzu da wace ƙungiyar unguwa za a buga. Baffa bai tanka ba. Ya kashe rediyo, ya naɗe buzunsa.

Watanni suka shuɗe ba a fara gasar ba. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka roro wake, hunturu ya shigo, har yanzu jira ake yi. Wannan jiran ya fi faɗuwar cin rai, domin mai fama da rashin nasara yana da aƙalla wasan mako mai zuwa, mu kuwa ba mu da komai sai jita-jita: wane ya tafi, wane zai tafi, an ce za a sayo wane. A wannan lokacin ne ni ma na fara nawa lissafin a ɓoye. Mahaifina ya bar mini gona ɗaya, ba ta cika kadada guda ba, amma tana bakin hanya, kuma shekara da shekaru Baffa yana zuba mata taki da jakinsa, mangala bayan mangala, har ƙasarta ta yi baƙi. Wani mutum daga birni ya taya ta da kuɗin da zai biya bashina ya bar mini abin sake kama rumfa. Na amsa masa a zuciyata tun kafin in amsa da baki.

A gidanmu ba a yin irin wannan magana kai tsaye. Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara bakwai, kuma tsakanina da shi akwai kunyar da ba ta barin ɗa ya ce wa uba ya gaza. Na tabbata ya san komai tun daren da ya ga jakata. Amma bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Sai muka sami wata hanya: muka riƙa yin maganar Pillars.

Idan ya ce, "Ƙungiyar da ta faɗi, abin da ya kamace ta shi ne ta zauna ta dubi yaranta na gida, kada ta yi gaggawa," na san da wa yake. Idan na ce, "Baffa, wanda ya daɗe a ƙasa mantawa da shi ake yi, in ba a koma bana ba, an shiga uku," shi ma ya san abin da nake nufi. Mutanen majalisa suna ɗauka muhawarar ƙwallo muke yi, har sukan raba mana gardama. Malamin firamare ya goyi bayana, ya kawo misalin manyan ƙungiyoyin da suka faɗa suka ɓace, ya ce ita kanta Raccah Rovers ɗin Baffa yau ina take? Na ga wannan tambaya ta soki Baffa, kuma, Allah Ya yafe mini, na ji daɗi.

Daren da na fi jin kunyarsa ya zo ne a kan Rabi'u Ali, kyaftin ɗin da ake kira Pele. Baffa ya ce duk wanda zai tafi ya tafi, shi dai wannan bawan Allah ya tsaya, ya bi ƙungiyar har cikin 'yan dagaji, kuma da irinsa ake gane ɗan halak. Ban san lokacin da na ce, da murya sama da tasa, "Ai Baffa, tsayawa ta wanda ba shi da wurin zuwa ce." Wurin ya yi tsit. Mai shayi ya shiga juya cokali a kofin da babu komai a ciki. Maganar ba gaskiya ba ce game da ɗan wasan, kowa ya sani. Kuma kowa ya san mutum ɗaya ne a wurin da ya shekara sittin da wani abu bai taɓa barin ƙauyen ba, wanda ya ƙi bin 'yan uwansa cin rani domin akwai marayan da zai ciyar. Baffa ya dube ni, ya ce, "Haka ne, ɗana." Bai ƙara ba. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Abin da ya hana cinikin gonar ba hikimata ba ce, ba kuma nadama ba. Canjin kuɗi ne. A watan Fabrairun 2023 takardun naira suka ɓace daga hannun mutane, mai saye ya ce sai dai ya tura ta waya, Baffa kuwa, wanda dole ya sa hannu a matsayin babba, ya ce shi bai taɓa ganin an sayar da ƙasa da kuɗin da ba a ƙirga a gaban shaidu ba. Ban sani ba ko da gaske yake ko dabara ce. Har yau ban tambaye shi ba. Aka ɗage zuwa bayan zaɓe. Bayan zaɓe mai sayen ya sami wata gonar a wajen Dawanau.

Ana cikin haka gasar ta kankama, majalisa ta farfaɗo. Nasara ta fara shigowa, amma ba irin wadda ake yi wa guɗa ba. Idan an ci, sai ɗan acaɓa ya ce to da wa aka buga? Idan an yi canjaras a waje, sai a kwana ana zargin koci. Na lura da wani abu game da goyon bayan babbar ƙungiya a ƙaramin rukuni: cin wasa ba ya kawo farin ciki, sauƙi kawai yake kawowa, kamar na wanda ya biya kashi ɗaya na bashi. Na san wannan yanayi sarai. Malamin firamare ya zana jadawali a bayan kwalin sukari, yana bayyana mana cewa ko an gama a saman rukuni ba a tsira ba, sai an je wasannin ƙungiyoyi takwas, huɗu daga Arewa huɗu daga Kudu, inda huɗu kawai za su haura. Wato aikin shekara guda zai iya rushewa a mako ɗaya. Manoman da ke wurin ba su ga abin mamaki a wannan tsari ba. Su da suka san ruwa yakan ɗauke ana saura kwana goma gero ya nuna.

Dole in faɗi inda kwatancen ya karye, domin na daɗe ina ruɗin kaina da shi. Pillars ƙungiyar gwamnatin jiha ce. Ko ta faɗi, akwai baitulmali a bayanta, akwai masu faɗa a ji da ba za su so a ce a zamaninsu ta mutu ba, akwai dubban mutane da ke kiran sunanta. Ni kuwa abin da ke bayana jaki ɗaya ne da tsoho ɗaya. Ranar da na gane haka na daina jiran sakamakon wasa ya yanke mini hukunci. Na je na sami Baffa a gona yana gyaran kunya, na tsuguna, na faɗa masa adadin bashin da bakina, ba tare da na ambaci sunan ko ɗan wasa ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce a ba da rabin gonar jingina ga wani maƙwabcinmu na shekara uku, a rage bashin, mu noma sauran rabin tare. Jingina tana dawowa, in ji shi. Kuɗin bai kai ko rabin abin da mutumin birni ya taya ba, kuma rumfar da nake mafarki ta tafi ke nan. Na amince, ba don na gamsu ba.

Aka tafi Asaba da damina, bayan an cire tallafin man fetur, lokacin da ko zuwa Bichi ya zama abin shawara. Ba wanda ya yi zancen bin ƙungiya zuwa filin wasa na Stephen Keshi. Muna maimai a rabin gonar da ta rage mana, gero ya kai gwiwa, wayata tana rataye a reshen gawo saboda a nan kawai take samun sabis. Rediyon Baffa ta yi shiru tun sati biyu, ya ce batir ya yi tsada, ni kuwa ina zargin tsoro ne. Da la'asar wayar ta yi ƙara. Malamin firamare ne, yana ihu har ba na jin kalmominsa, amma na gane.

Na ce, "Baffa, an dawo."

Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen kunyar da yake kai. Ya dogara da hauyarsa, ya share gumi da hularsa, ya ce, "Alhamdu lillahi." Can kuma ya tambaya, "Katsina fa?"

Na ce ana sa rai su ma. Daga baya ta tabbata sun haura, tare da Heartland da Sporting Lagos.

Ya ce, "To, mai shayi zai sha iska." Ya dubi yamma, inda hadari ya fara haɗowa ta wajen Bagwai, ya dubi kunyoyin da suka rage. Guda goma sha ɗaya ne, na ƙirga. Ya ce in bar wayar nan in kama daga wancan gefen, mu haɗu a tsakiya kafin ruwa ya sauko.